Makullin Banɗakin Sama

A lungunmu, cikin birnin Kano, akwai gidan da kowa ke kira gidan bene, don shi kaɗai ne mai hawa a jerin. Gidan gado ne. Da mahaifin masu gidan ya rasu ba a raba ba, aka bar shi amana a hannun babban wa, wanda duk muke ce wa Alhaji. Da kasuwa ta buɗe masa sai ya rushe tsofaffin ɗakunan ƙasa, ya tayar da na bulo, ya zuba rufin kankare, ya ɗora bene ya hau da iyalinsa. Ƙasa kuwa aka bar wa Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, da Umma, matar ƙaninsa marigayi, da 'ya'yanta biyar, sai 'yan haya ɗaki biyu. Katangarmu ɗaya da su. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na tsinta ba: wani idona ne ya gani, wani kuma hancina ne ya shaida.

A turakarsa Alhaji ya yi banɗaki na zamani, masai na zama, tayil tun daga ƙasa har rufi. Bututun da ke kwashe ƙazantar, irin na roba mai faɗin inci 4, ya huda bango ya fito waje, ya yi gwiwa ya gangaro ta bayan ɗakin Umma, ya bi ƙarƙashin daɓen tsakar gida ya nufi sokawe a bakin ƙofa. Daga gindin bangon nan zuwa rijiyar gidan taku bakwai ne. Na auna da ƙafata.

Cikin ranin 2019 wani duhu ya bayyana a kusurwar ɗakin Umma ta sama, kamar faɗin faifai. Da damina ce da an ce rufi ne. Amma wata huɗu ke nan ba a ga ɗigon ruwan sama ba, kuma ruwa ba ya tsami banza. Fenti ya fara kumbura yana ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa ya riƙa fitowa a jikin filasta, tufafin da ke rataye a wajen suka yi furfura. Daga baya wari ya biyo, ba mai ƙarfi ba da farko, irin wanda baƙo ke ji mai ɗaki ya saba da shi.

Umma mace ce mai kawaici, ga kuma nauyin da ke tsakaninta da wan mijinta. Ba ta iya tunkararsa da zancen masai ba, sai ta bi ta wajen Gwaggo. Gwaggo ta tare shi wata safiya a zaure.

"Alhaji, bangon ɗakin yaran nan yana tsattsafo, kuma daidai ƙarƙashin bayinka ne. Ka sa a duba."

"Gwaggo, ni da nake shiga bayin nan safe da dare? Wallahi a bushe yake ƙamas, ko wari babu. Su dai riƙa buɗe taga."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma wannan shi ne ya tsawaita lamarin. Daɓensa a bushe yake da gaske, don wurin da ke yoyon yana binne cikin kaurin bango, duk abin da ya tsere ƙasa yake nufa. Wari kuma ba zai je masa ba: ɗan ruwan nan da ke kwance kullum a wuyan masai an yi shi ne don ya tare iskar bututu kada ta dawo ɗaki, kuma yana aikinsa. Alhaji yana da katangar ruwa tsakaninsa da warin gidansa. Na ƙasa ba su da ita. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A gidan nan mai ɗakin da ya sani ba shi ne mai iko da rufin ba.

Alhaji yana da mutanen tabarma, waɗanda ke zuwa bayan magariba a fito musu da tuwo. A gabana aka tayar da zancen wani dare. Ɗaya ya ce warin daga kwatar maƙwabta yake tasowa, ya waiwayo ya dube ni. Wani ya ce matan ƙasa ne ba sa shara. Na uku, wanda ya fi kowa kusa da kwano, ya ce shi dai abin da ya gani hassada ce, tun da aka ɗora benen nan ake neman abin da za a ce. Na ce musu mu tashi mu shiga, taku ashirin ne, kowa ya ɗora tafinsa a bango. Babu wanda ya motsa. Na sha tunanin daren nan. Da a ce mutum ɗaya daga cikin waɗanda Alhaji ke jin maganarsu ya ce masa "ranka ya daɗe, akwai gyara", da an gama tun a makon.

Da Sallah ta matso sai aka kawo mai fenti. Ya shafe gaban gida da ruwan madara, ya zagaya ƙofar da shuɗi, sannan ya shiga ɗakin Umma ya lulluɓe duhun da hannu biyu. Kwana goma sha biyu fentin ya yi. Duhun ya dawo ya fi da girma, don laima ba ta jin fenti, turo shi take yi daga baya. Alhaji ya aiko da kuɗin turaren wuta. Da aka sake magana sai ya aiko da mai tayil, aka manne bangon tun daga tsakiya har sama. Ya yi kyau a ido. Ruwan da aka toshe wa fuska kuwa ya bi ta gefe ya ɓulla a ɗakin ɗan haya, wani tela mai mata da jariri. Tela ya yi ƙorafi sau biyu, a na uku aka ce masa in ɗakin bai yi masa ba akwai masu so.

Aka yi taron dangi. Aka naɗa mutum uku su duba lamarin su kawo bayani, kuma a cikin ukun babu mai kwana a ƙasa. Suka zo ranar Lahadi, suka hau ta matakalar gaba, aka kawo musu lemo, suka leƙa banɗaki suka ga tayil yana ƙyalli, suka sauko ta inda suka hau. Bayanin da suka kai shi ne babu wata matsala, sai dai a ƙara haƙuri da juna.

Babbar 'yar Umma tana karatun aikin tsaftar muhalli, irin aikin da iyayenmu ke kira duba-gari. Ita ke taya Hajiya, uwargidan Alhaji, wanke banɗakunan sama ranar Asabar. Wata Asabar ta tafi da ƙullin bula ta wanki a haɓar zaninta, ta juye a tankin masai, ta danna ruwa sau uku, ta sauko ta tsaya a tsakar gida tana kallon bango. Kafin a jima wani shuɗin zare ya fito daga inda bututu ya huda bango, ya gangaro a hankali har gindin katanga. Ta kira mahaifiyarta, ta kira Gwaggo, aka kira ni ta kan katanga. Gwajin mai sauƙi ne, kowa zai iya yi a gidansa. In laima tana zuwa dare da rana ba tsayawa, a nemi bututun ruwa mai tsabta ko tankin. In kuwa sai an kora ruwa take ƙaruwa, ga wari, to hanyar ƙazanta ce ta ɓalle.

Da Alhaji ya dawo daga kasuwa ta durƙusa a gabansa.

"Baffa, ka gafarce ni. Ba fenti ba ne, ba kwata ba ce. Ga shi nan, daga bayinka yake fitowa, kuma rijiya yake nufa. A makaranta an koya mana a bar aƙalla mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya. Namu bai kai mita 6 ba."

Ta ba shi labarin da aka ba su a aji, na abin da ya faru a Landan a 1854, lokacin da kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa da ake kira Soho. Wani likita, John Snow, ya bi gida-gida yana ƙirga mamata har ya gane kusan duk daga famfon rijiya ɗaya suke sha, a titin Broad, ya sa hukuma ta cire hannun famfon. Da aka tona daga baya sai aka tarar da tsohon ramin masai bai kai mita 1 daga rijiyar ba, bulonsa ya ruɓe, kuma a cikinsa wata uwa ta riƙa zuba ruwan wankin tsummokin jaririyarta mai gudawa. Rami ɗaya na gida ɗaya.

Alhaji ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Ke, wa ya aike ki? Ni zan biya miki kuɗin makaranta ki zo ki tara min mutane a kan bayina? Wannan ai tonon asiri ne." Daga ranar aka hana ta hawa sama. Ya sa kwaɗo a ƙofar banɗakin, ya jefa makullin a aljihu. Shuɗin zaren kuma aka sa yara suka goge shi da tsumma.

Wannan ne wurin da ya fi yi mini ciwo a labarin duka. Yarinya ta yi abin da dattawa uku suka kasa, da bular da ba ta kai kuɗin ƙosai ba, sakamakonta ya zama sunan marar kunya. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ba benen take so ba, ba ta ce a raba gado ba. Cewa ta yi bango yana jiƙa.

Daminar 2021 ba wanda ya manta ta a ƙasar nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a shekarar, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi da Jigawa da Kano suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Cikin Agusta, dare ɗaya, ƙananan yaran Umma biyu suka kama amai da gudawa. Kafin asuba idon ƙaramin ya faɗa, in ka ja fatar cikinsa ba ta komawa da wuri. Yayarsu ta dama ruwan gishiri da sukari tana ɗura musu da cokali har aka samu mota.

A nan dole in faɗi alherin Alhaji, don na gani. Shi ya sauko da jallabiyar barci, shi ya ɗauki ƙaramin a kafaɗa, shi ya tuƙa motar. Kwana uku ana yi musu ƙarin ruwa, ko sisi bai bar Umma ta kashe ba. Allah ya tashi kafaɗunsu. Ya sa aka rufe rijiyar da kwano aka ɗora dutse, ya ɗauki nauyin ruwan leda da na 'yan garuwa kullum. Unguwa ta ɗauka: Alhaji mai riƙon marayu, Alhaji ba ya ƙyashi. Mutanen tabarma suka yi ta maimaitawa har aka faɗa a wajen ɗaurin aure.

Amma bai buɗe ƙofar banɗakin ba. Abin da ya kashe a kwana ukun nan zai yi gyaran sau da dama, ya yi saura. Na daɗe ina juya abin, ga kuma inda na tsaya: kyauta tana da daɗin yi, don hannun mai bayarwa a sama yake kuma ana ganinsa. Gyara kuwa sai mutum ya fara yarda cewa ɓarakar daga wurinsa take, ya bar wani ya durƙusa ya leƙa bayan masansa. Alhaji ya gwammace ya biya kuɗin ciwon da ya toshe mafarinsa. Marayun kuwa ba sadaka suke bin sa ba. Gidan nasu ne kamar yadda yake nasa, busasshen bango haƙƙinsu ne.

Matan ƙasa suka gaji da jira. Umma da matar tela da Gwaggo suka haɗa kuɗin adashe suka kira mai gyaran famfo, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Ya kafa tsani ya hau, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya sauko.

"Gwaggo, daga nan babu abin da zan iya. In na cusa siminti ta waje na karɓi kuɗinku, na ci haram, don wata guda ba zai yi ba. Daga ƙasa ake ganin yoyon, amma daga sama ake gyara shi. Sai an ɗaga masan."

Aka gaya masa inda makullin yake. Ya naɗe tsaninsa ya tafi, ko kuɗin mota bai karɓa ba.

Azumin 2022 ya faɗo cikin Afrilu, ana tsananin zafi. Alhaji ya tafi Umra a goman ƙarshe. Wata yamma Hajiya ta sauko da kanta kawo wa Gwaggo kunun buɗa-baki, ta tarar da ita a ɗakin Umma, ta zauna a bakin gado ta jingina. Shekara biyu rabonta da shiga ɗakin. Da ta miƙe sai ta ji bayan hijabinta ya yi sanyi. Ta shafa, ta kai hannu hanci. Ba ta ce komai ba. Bayan tarawihi ta aiko ƙaramar 'yarta da makulli na biyu a ƙulle cikin hankici.

Washegari da hantsi mai gyara ya dawo, aka ce in tsaya a matsayin namiji a wurin. Ya fara da rufe famfon da ke kai ruwa tanki, ya danna ya zubar da na ciki, ya kwashe ragowar na wuyan masai da soso. Kafin ya kwance komai ya ɗora hannu ya girgiza masan, sai ga shi yana rawa. Sukuru biyu ne ke riƙe shi da ƙasa, ɗaya tsatsa ta cinye. Ya ce kowane zama da tashi, shekara da shekaru, yana ɗan motsa bakin masan a cikin bututu. Da ya janye shi muka ga asalin abin. A ƙa'ida akwai wata roba mai leɓɓa da ake kira kwanekta, bakinta ɗaya yana kama wuyan masai, ɗayan yana shiga bututu ya matse, tana ba da ɗan sassauci ba tare da ta bar ruwa ya fita ba. Wanda ya yi aikin farko bai sa ta ba. Takardar buhun siminti ya nannaɗa ya cusa, ya yaɓe da kwaɓaɓɓen siminti, ya rufe da tayil. Siminti ba ya kama roba, ba ya kuma lanƙwasa. Ya tsage gida huɗu, takardar ta zama baƙin taɓo.

Ya cusa tsumma a bakin bututu don tare iska, ya sa safar hannu, ya fasa tsohon simintin da kurfi a hankali kada ya ji wa bututun. Ta waje kuma ya tarar da ciwo na biyu: ba a ɗaure bututun da bango ba ko wuri ɗaya, nauyinsa ya rataya a gwiwa, rana ta gasa robar ta yi gautsi, bakin gwiwar ya tsage. Ya yanke wurin da zarto, ya goge bakin da sanfefa, ya share ƙura da danshi, ya shafa gam ɗin bututu ciki da waje, ya tura sabuwar gwiwa da guntun bututu ya riƙe su na ɗan lokaci. Ya ba guntun da ke kwance ɗan gangare, kamar santimita 2 da rabi a mita 1, ya ce in ya kwanta sosai ƙazanta za ta tsaya a hanya. Ya kafa maɗaurai uku a bango. Kwanektar kuwa bai shafa mata gam ba, ruwan sabulu kawai, ya kuma gargaɗe ni kada in bari wani ya sa mata giris ko baƙin mai, don suna cin roba. Ya cire tsumman, ya tura masan ya zauna daidai, ya ɗaure da sababbin sukuru, ya sake girgizawa bai motsa ba.

Ya jira gam ya kama, sannan ya naɗe mahaɗar da busasshiyar takarda ya ce a danna ruwa. Sau goma aka kora, lita 6 zuwa 9 kowane karo, 'yar Umma tana ƙasa da ragowar bularta tana kallon bango. Takarda ta fito a bushe. Bango bai yi shuɗi ba. Ya wanke wurin da Hypo, ya ce kada a taɓa haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid, hayaƙinsu yana shaƙe mutum. Kafin kiran azahar ya gama. Kayan duka, da ya sayo a Ƙofar Ruwa, ba su kai kuɗin bokitin fenti ɗaya daga cikin waɗanda aka shafa ba.

Da zai tafi ya shiga ɗakin Umma ya ɓamɓare tayil guda. Filastar da ke baya ta biyo hannunsa kamar danƙo. A kusurwar rufi kankare ya tsage, rodi ya leƙo ja-ja da tsatsa. Ya ce, "Nawa na gama, amma bangon nan shekara uku yana sha. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake, yana fasa kankare daga ciki. A kankare filastar nan duka a bar shi ya sha iska tun ana rani, a kira injiniya ya duba rufin. Rijiya kuma a yashe ta, a zuba mata kulorin, a kai ruwan a gwada kafin kowa ya sha." Duk wannan ya fi ƙarfin adashe, kuma ba a taɓa ginin gado sai da izinin mai riƙon gida.

Alhaji ya dawo bayan Sallah. Na je yi masa sannu da zuwa, aka ba mu dabino da zamzam. Gwaggo ce ta gaya masa, a gabana, cikin murna. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wa ya ba da makullin?" Bai tambayi me aka tarar ba. Bai tambayi bangon ba. A makon ya canza kwaɗo. Na ji ɗaya daga mutanen tabarma yana gaya wa mai shayi cewa ai Alhaji ne ya ba da umarnin gyaran kafin ya tafi.

Har yau kankaren yana nan a tsage, kuma a ƙarƙashinsa yara biyar suke kwana. Rijiyar tana rufe da kwano da dutse. Umma ta janye gadon zuwa ɗaya kusurwar, iyakar abin da ke hannunta ke nan.

Alhaji, na san ana karanta maka abin da nake rubutawa. Ba na ƙinka, na ci tuwonka, na kuma ga hawayenka a daren da ka ɗauki yaron nan a kafaɗa. Roƙona gare ka, da duk wanda Allah ya ɗora a sama ya damƙa masa makulli, ɗaya ne. Gobe in ka sauko matakala, kada ka miƙe zaure. Ka karya hagu ka shiga tsakar gida kai kaɗai, ba da mutanen tabarma ba, ka yi sallama a ɗakin marayun ƙaninka, ka ɗaga kai ka dubi rufin da kake takawa, ka tambayi yarinyar nan abin da ya kamata a yi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.